Kwalin Sukari da Gonar Koren Wake

Ranar Talata ce, saura kwana uku a yi ƙaramar Sallah. Na iso gona da sassafe, na sunkuya a bakin kunya ina gyara wayar da na ɗaure silifas ɗina da ita. Da na ɗago, sai idona ya sauka a kan layin farko. Kore ne shar, ganyensa a buɗe kamar tafin hannu. Layukan da ke bayansa kuwa, tun daga nan har gindin kaɗanya, duk sun ɗashe, sun yi rawaya-rawaya. Iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya ya dake su. Abin da ya raba su kawai, layin farko Masta Boateng, shugaban aikinmu, shi ya haɗa irinsa da hannunsa. Sauran ni na haɗa.

Ina azumi, bakina a bushe, na tsaya ina kallon layin.

Shekara uku ke nan da yin wannan. Bana ruwa ya sauka da wuri, masara ta cika kasuwar Tamale, yara har wasa suke da totuwa a kwata. Jiya Mma, mahaifiyata, tana kaɗa miyar kuɓewa, ta ce in miƙo mata kanwa. Kwanon ya suɓuce min ya kife. Ta dube ni ta ce ko zazzaɓi ne, na ce e. Ba ta sani ba har yau. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin makarantata nake rubutawa, ko zai fita daga ƙirjina ya koma kan takarda.

Shekarar wutar daji ce. Tun kafin bazara wuta ta cinye gonaki da rumbuna, sannan aka koro mutanenmu daga Najeriya, kowane ɗaki a gidanmu na Moshi Zongo ya ƙaru da baki biyu ko uku. Ruwa ya ƙi zuwa. Hadari yakan haɗu baƙi ƙirin ta gabas, mu fito da bokitai da kwanoni mu jera a tsakar gida, sai iska ta taso ta watsa shi, mu kwashe kayanmu ba mai kallon wani. Famfo ya daɗe da mutuwa. Daga dam muke ɗebo ruwa, ja kamar shayi, mu sa alif mu jira. An dafa ɗanyen mangwaro an ci. A wurin mai dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, mata sukan saye shi ɗanye tun bai hau wuta ba, don in ka jira ya dahu ba za ka samu ba. Mma da can koko da ƙosai take sayarwa, ta bar ƙosai don ba wake ba mai, kokon ma ya tsinke har kana ganin gindin kofi. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta daina zuwa. Da ta sake bayyana, ƙoren nonon ta kawo sayarwa. Kowa ƙashin wuyansa ya fito.

Ban da yunwa akwai tsoro. Lokacin farautar 'yan kalabule ne, wato masu ɓoye kaya ko ƙara farashi, kuma ba a tsayawa dogon bincike. Mma Sanatu, da ke ɗakin da ke kallon namu, sabulu take sayarwa. An sami sandar sabulu shida a ƙarƙashin teburinta. Ina wurin. Mutum huɗu suka danne ta a kan teburin nata, aka yi mata bulala kasuwa na kallo, zaninta ya zame ba wanda ya isa ya gyara mata. Ba ihun nata ne ya fi zama min a kai ba, ƙarar da teburin yake yi ne. Tun ranar ba ta sake taka kasuwa ba.

Ni na gama sakandare, ba aiki ba kuɗin ci gaba. Da aka ce ana neman mai iya karanta Turanci a wata gonar gwaji ta gwamnati da ke bayan Changli, a ba da mudun garin masara duk mako, ban tambayi ko mene ne aikin ba. A ƙafa nake zuwa.

Wani ƙaramin wake ake gwadawa, kore, bai kai rabin namu ba, ana ce masa mung. Masta Boateng mutumin kudu ne, Kirista, siriri, mai keke ba birki. Hausar kasuwa yake yi, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Ya ce waken nan wata biyu ya nuna, ba ya son ruwa da yawa, in ya karɓi ƙasarmu yunwar tsakiyar damina ta ƙare. Amma sai an taimake shi da abu biyu. Na farko farar wuta, wadda duk da sunanta rawaya ce, garin da Mma ke kwaɓawa da man kaɗanya ta shafa wa mai ƙazuwa. Tana warin ashana, tana sa ido hawaye. Na biyu wani baƙin gari a leda, kamar gawayin da aka daka. Masta ya ce akwai rai a cikinsa, ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. In sun manne wa iri sai su shiga saiwa su yi 'yan ƙulle-ƙulle, su riƙa jawo wa shuka abinci daga iska. Taki ne da ba ya ƙarewa, kuma leda ɗaya ta isa gona.

Azara, babba a cikin matan Dagomba huɗu da ke mana noma, ta leƙa ledar ta ce da tata Hausar kasuwar, "Masta, su mi suke ci? Mu ma a koya muna cin iska."

Aka raba gonar da turaku. Farin turke ba a sa komai. Rawaya, farar wuta kaɗai. Baƙi, baƙin gari kaɗai. Ja, duka biyun, kuma a kan jan turke Masta ya ɗora ransa. Ya tara kwamitin ma'aikata ya yi musu alkawari za su ga abin mamaki. Shugaban kwamitin direban tarakta ne, tarakta ba mai, sai ya zama ba shi da aiki sai bincike. Ciyaman muke ce masa. Ya ce gonar nan dukiyar talakawa ce, duk wanda ya yi mata zagon ƙasa a gaban talakawa zai amsa.

Ruwan kirki na farko ya sauka a makon farko na azumi. Ƙamshin ƙasa ya tashi har mutane suna tsayawa a hanya suna shaƙa. Washegari Masta ya zaunar da ni a inuwar kaɗanya ya ce baƙin garin ba ya manne wa iri sai da ruwan sukari. Ya buɗe jakarsa ya fito da kwalin sukari mai ƙwaya, sabo. Wata biyar rabona da ganin sukari. Matan nan huɗu duk suka bar fartanya suka miƙe tsaye.

Ya jefa ƙwaya biyu a ɗan ruwa, ya zuba iri tafi ɗaya, ya barbaɗa baƙin gari, ya juya har kowane wake ya yi baƙi, ya shanya a inuwa, ya shuka layi ɗaya a gefen jan turke, ta bakin hanyar shanu. Sannan ya miƙo min kwalin.

"Memuna, ka gani ko? Gobe da safe ka yi sauran. Ni zan tafi layin kananzir, in ban je ba madam zai kashe ni. Ka riƙe shi da kyau."

Na riƙe shi da kyau har kusan Dabokpa. Rana ta take, kaina yana juyawa. Na shiga bayan wani kango, na buɗe kwalin don in ƙirga kawai. Ban san lokacin da ƙwaya ɗaya ta shiga bakina ba. Da azumi a bakina, da rana tsaka. Ba zan ce don ceton ran wani na fara ba. Ni na fara sha.

Da magariba na ga Mma tana ɗaga kofin koko da hannu biyu da ƙyar, sai na ce a raina ƙwaya biyu ba za su rage komai ba. Na fito da kwalin. Ta tambaye ni daga ina, na ce kyauta ce aka raba mana a wurin aiki. Fuskarta ta washe, ta yi min addu'a mai tsawo. Abin da ban lissafa ba shi ne al'adar gidanmu. Da azumi ba a shan ruwa da abu mai daɗi a ɓoye, duk abin da ya shigo ɗaki ɗaya sai ya zaga sauran. Kafin in buɗe baki Mma ta juye kwalin a faranti tana rabawa, uku ɗakin liman, uku ɗakin mai jego, biyu nan, huɗu can don yara sun yi yawa. Ina tsaye ina kallo. Yaya zan ce mata tsaya, sata na yi?

Ni aka aika ɗakin Mma Sanatu. Tana kwance rub da ciki, don har lokacin ba ta iya kwanciya da baya sosai. Ta juya ƙwayar a tafinta ta ce, "Memuna, a wannan zamani wa ke kyautar sukari?" Na juya zan fita. Ta ce, "To, Allah ya rufa asiri," ta sa a baki.

Ƙwaya huɗu suka rage, Mma ta ƙulle su a bakin zani don ranar Sallah.

Na zauna ina tunani. Na ce ai ba zaƙin ake so ba, danƙon ake so. Me ke da danƙo a gidan nan? Busasshiyar kuɓewa, ita kam muna da ita, miya ce ba tuwo. Da asuba na kaɗa garinta a ruwan ɗumi, ya ƙi yin yauƙi yadda nake so. Mma ta wuce da buta ta leƙa ta ce, "Duk karatun naki ba ki san kuɓewa sai da kanwa ba?" Na jiƙa kanwa na zuba, na ƙara don ya yi kyau. Ya yi yauƙi har ana ja da ludayi. Na tace a tsumma, na ɗura a kwalba.

A gona ya yi aiki kamar an yi shi don haka. Baƙin gari ya manne tsaf, ya fi ma na Masta kyau. Har daɗi na ji, na ce ashe dabarar mata ta fi ta Turawa. Muka shuka, Azara da 'yan'uwanta suna sara rami da fartanya suna waƙa da Dagbanci, ni ina bi ina jefa uku-uku, ina rufewa da diddige. Muka barbaɗa farar wuta a rawaya da ja, idanunmu na zuba. Azara ta ce, "Madam Sakandare, ka wanke kwanon sukarin ka ba mu ruwan mana." Na ce azumi nake. Ta ce, "Ni zan aje shi har magariba." Na ce na riga na zubar, ta kalle ni kamar na zubar da jariri.

Ruwa ya ƙara sauka sau biyu, sannan ya ɗauke. Waken ya tsiro duka, ya yi kunne, muka yi noman farko a ƙasa mai zafi kamar kasko, muka ɗebo ruwan dam a ka muna ba kowane gindi rabin gwangwani. Har zuwa waccan Talata ban ga komai ba, ko kuma ban yarda in gani ba.

Ranar na ɗauko ledar baƙin garin da na cusa a kogon kaɗanya, na karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, wanda da ban damu da shi ba. An ce kada a bar shi a rana, kada ya haɗu da toka ko farar ƙasa ko danginsu. Sai na tuna ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu, ranar da malamin kimiyya ya sa mu kawo kanwa daga gida, muka tsoma jar takarda a ruwanta ta koma shuɗiya. Na ci wannan tambayar a jarrabawa. Na san dangin kanwa sarai. Na jiƙa abu mai rai a cikinta, na juya da ludayi.

Sallah ta zo ba ɗinki ba nama. Mma ta kwance ƙwaya huɗun nan ta sa a koko, ta miƙo min kofi, ta ce ni na kawo, ni zan fara. Na kai baki, na fita bayan gida na amayar.

Bayan Sallah bambancin ya fito har makaho zai laluba. Rawayan turke ya ɗan fi fari, sababbin ganyensa sun yi ɗan kore, farar wuta ta yi nata. Baƙin turke kuwa daidai yake da farin da ba a sa masa komai ba. Ja daidai da rawaya. Sai layin nan guda, ya kai min gwiwa, ya fara fure, yana tsaye a gefen gona kamar mai ba da shaida. Masta yakan zo ya tsaya a kansa, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ba ya cewa komai. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Na daina iya cin ko ɗan abin da ake samu. In aka ja tebur a wani ɗaki sai in ji fitsari ya kama ni. Kowace safiya ina fitowa da nufin in faɗa wa Masta, in isa in ce masa ina kwana kawai. Na yi tunanin gudu Yendi wurin gwaggona, amma ba mota ba mai, kuma in ba a same ni ba Mma za a kama, ita ta raba, ɗaki tara sun sha. Na yi tunanin in tuge layin, sai na ga ai Masta ya ƙirga shi gindi-gindi. Har addu'a na yi fara ta zo ta cinye gonar, ni da na ga abin da yunwa ke yi wa mutane.

Ranar Alhamis Ciyaman ya zo, da jar hula da sandar rake da ya tsotse tun tuni amma bai yar ba. Ya zaga gonar ya tsaya.

"Masta, ina abin mamakin? Ni dai layi ɗaya na gani."

"Lokaci bai yi ba."

"Layin nan lokacinsa daban ne? Wa ya haɗa sauran?"

Azara ta duƙa tana cire ciyawar da babu ita. Ciyaman ya dube ni tun daga silifas har ɗankwali.

"'Yar boko, kin yi ƙiba kwanan nan."

Ga ƙashin wuyana a waje, amma yake faɗin haka. Ya ce ranar Litinin kwamiti zai zo gaba ɗaya, za a tona, za a tambayi kowa abin da aka ba shi da inda ya kai shi.

Ranar Lahadi bayan la'asar wata mata daga Changli ta zo ta ce Masta yana kirana a gona. Na yi alwala kafin in fita. Na dubi Mma tana tsince tsakuwa a garin masara, na ce mata na tafi, ta ce in dawo da itace in na samu.

Na same shi da kayan coci, farar riga da baƙin wando, a tsugune. Ya tuge gindi ɗaya daga layinsa ya kakkaɓe ƙasar. Saiwar cike take da ƙulle-ƙulle kamar an jera tsakiya. Ya fasa ɗaya da farce ya nuna min. Ciki ja ne kamar tsoka.

"Ka gani? Shi yana da rai. Yana aiki."

Ya tuge ɗaya daga nawa. Saiwa fara, siririya, sumul. Ya tuge na biyu, na uku, ya jera a gabana.

"Memuna, mi ka sa?"

Na durƙusa a gabansa. Na faɗa masa duka, har ƙwayar da na sha a bayan kango, har farantin Mma, har kanwa. Na ce ya yi min rai, in za a yi bulalar a yi min a ofis, kada a kai ni kasuwa, kada a taɓa Mma.

Ya dubi saiwoyin da ya jera a gabana. Sannan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Kuɓewa da kanwa. Miya ka dafa masu."

Ya zauna a kan kunya, bai damu da wandon cocin ba.

"Kwali nawa na ba ka?"

"Ɗaya, Masta."

"Uku aka ba ni. Biyu ya tafi gidana. Yarana huɗu, ƙaramin ba shi tashi tsaye. Na ce ɗaya zai isa in an yi hankali." Ya goge tabarau. "In Ciyaman ya tambaye ka, ka ce ɗaya. Sai shi tafi wurin mai sito, mai sito ya ce uku. Tebur ɗaya za mu kwanta, ni da kai."

Ya tashi ya naɗe hannun riga, ya kama gindin farko na layinsa ya tuge. Ya kama na biyu. Na ce, "Masta, shi kaɗai ne ya yi." Bai juyo ba. Yana tugewa yana cusawa a buhu, furanni suna zuba, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika wurin. Ya ce in kama ta wancan gefen, rana tana faɗuwa. Na kama. Saiwar tana riƙe ƙasa da ƙarfi, sai na sa hannu biyu. Muka haɗu a tsakiya. Ya karya turken gefen, ya samo busasshen kashin shanu daga hanya ya watsa, ya ce za a ce shanun Fulani ne suka shiga, kuma layin da ma ya yi kore ne don shanu suna fitsari a nan.

Na tambaye shi abin da zai rubuta wa manyansa a Ankara, babban birnin ƙasarmu.

"Zan rubuta farar wuta yana taimako kaɗan. Baƙin gari ba shi aiki a arewa, zafi ya yi yawa."

"Amma yana aiki. Mun gani."

"Wa ya gani?"

"Za su sake aiko da shi baɗi?"

Ya ɗaure buhun a bayan keke, ya ja igiyar da haƙori.

"Abin da ba shi aiki, wa zai sake aiko shi? Leda ɗaya ma da ƙyar na roƙo. Shekara shida ina rubuta wasiƙa."

Na tuna Azara, da gonarta ta gyaɗa da ta ce in abin ya yi za ta roƙi Masta ko cokali ɗaya. Ana kiran magariba daga wajen Changli, sama wayam, ko ɗigon girgije babu. Ƙasa ta cika min farce, jan ruwan ƙulle-ƙullen ya ɓata min tafi.

Masta ya hau kekensa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, bai dube ni ba.

"Gobe ka tsaya bayana, ka yi shiru, ni zan yi magana. Tashi ka tafi gida, Memuna. Ba wanda zai taɓa ka."

Na ce na gode. Washegari na tsaya bayansa na yi shiru, kuma ba wanda ya taɓa ni.